Hotunan Da Na Goge

Ranar da likita ya gama haska idon Umma bai ɓoye mana komai ba. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na daman ma hawan jinin ido ya cinye gefe da gefensa, saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Magani zai rage wa ciwon gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Na tambaye shi saura wata nawa, ya ce shi ba ya yanke wa ido wa'adi, sai dai duk abin da take son gani a nuna mata da wuri. Na fito na sauke haushina a kan mai ba da magani, bawan Allah bai yi min komai ba, don dai na san in ban yi faɗa ba kuka zan yi. Umma kuwa ko a jikinta. Sai da muka koma gida ta zauna a bakin gado, ta cire takalmanta ta jera su, sannan ta ce, "Ki nemo min hoton Auta."

Na ce mata to, gobe-goben nan ma. Gani nake abu ne mai sauƙi. Mutumin da ya shekara bakwai da kyamara rataye a wuya, ai hoto ba zai zama abin nema a gidansu ba.

Auta ƙanena ne, mu biyu kaɗai Umma ta haifa, kuma shekara tara ce tsakaninmu. Ni na goya shi, ni na riƙa raka shi makaranta, ni na riƙa zane shi in ya yi rashin ji. Ya rasu wata goma sha ɗaya kafin zuwanmu wurin likitan nan, yana da shekara ashirin da shida. Duk wanda ya zo mana gaisuwa tambayarsa ɗaya, a wace hanya abin ya faru, don kowa ya ɗauka mota ce. Ni kaina tun yana ɗan shekara goma sha biyar nake ce masa motocin nan su ne ajalinsa. Ashe zazzaɓi ne, na kwana huɗu, a kan gadon asibiti, da ledar ruwa a hannu. Har yau ina jin haushin wannan abu, ban kuma san wa nake jin haushi ba.

Tun bai iya ɗaura wando ba yake son mota. Yana cikin ɗaki zai ji ta wuce a titi ya faɗa maka irinta, har ya ƙara da cewa mai ita ya daɗe bai juye baƙin mai ba. A asibitin ma bai bari ba. Ana gobe zai rasu, ido a rufe, leɓe duk ya bushe, wata mota ta tsaya a bayan taga sai na ji ya ambaci sunanta a hankali. Na leƙa don in ƙaryata shi, na tarar ita ce. Da ya girma ya samu wata tsohuwar kyamara hannu na biyu, sai ciwon ya zama biyu. Masu sayar da motoci suna kiransa ya ɗaukar musu, masu gareji ma haka, in kuma ba wanda ya kira shi sai ya bi titi yana durƙusa wa motocin mutane kamar mai neman gafara. Abin dariyar, shi ba shi da motar hawa. Wata akwala ce da shi a filin wani tsoho mai fesa wa motoci fenti da ake kira Baba mai fenti, ba taya ba gilashi, shekara uku yana tara mata kaya ɗaya bayan ɗaya, yau madubi, wata mai zuwa marfin tanki. Ni gwangwani nake kiranta, shi kuma ya ce ranar da ta tashi ko na roƙa ba zai ɗauke ni ba.

Umma ba ta taɓa damuwa da motocin ba. Ita rigimarta da shi ɗaya ce, suma. Ya tara ta ta yi himili a ka, ko mataji ba ya shiga. Kullum zai fita sai ta bi shi da murya har bakin ƙofa, yaushe za a yi askin nan, kullum sai ya ce gobe, Umma, ya ja ƙofa. Shekara da shekaru ana wannan goben. Ta taɓa ɓoye masa marfin kyamara ta ce ba za ta bayar ba sai ta ga fatar kansa, ya fita abinsa ya rufe gilashin da safa.

Washegari na zazzage akwatin hotunan gida a tsakar ɗaki. Ga Auta yana rarrafe, ga shi da kayan makaranta haƙora biyu babu, ga shi yana ɗan shekara goma sha uku ya murtuke fuska don an hana shi zama a gaban mota. Daga nan shiru. Duk wani taro da aka yi a dangi bayan ya sayi kyamara, kowa yana ciki har maƙwabta da 'ya'yan maƙwabta, ban da shi, don shi ke ɗauka. Na samo na jikin lasisinsa, ɗan ƙarami kamar farcen babban yatsa, hatimi ya cinye rabin kunci. Na kai wa Umma su duka. Ta ɗaga su ɗaya-ɗaya kusa da taga tana karkata kai, sannan ta mayar min. Ta ce waɗannan ai yaro ne, ta san su, ita saurayin take so, mai gemun nan da sumar.

Na bi abokansa. Kowa ya buɗe waya ya yi ta ja, ƙarshe a samu tafin hannu ya rufe rabin hoto, ko ƙeya, ko kafaɗa tana ficewa. Wai Auta cewa yake hoton waya cin mutuncin fuska ne. Wayarsa shi kansa kuwa motoci ne zalla, sai wata kyanwa tana barci a kan bonet. Na je har filin Baba mai fenti, na tsaya daga bakin ƙofa na tambaya. Tsohon ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana tunani, ya ce wallahi babu, yaron nan ko waya ka ɗaga sai ya kare fuska. Na yi masa godiya na juya, ban ko yarda na kalli ɓangaren da akwalar take ba.

Saura wuri ɗaya, kuma tun farko na san da shi, kewaye shi nake ta yi. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi, kwamfuta ɗaya, firinta biyu, kuma a kwamfutar nan Auta yake juye duk abin da ya ɗauka. Hoto dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Na san yawansu, na kuma san abin da babu a cikinsu, domin ni na cire shi da hannuna.

Jikin mota in an wanke an goge madubi ne. Ka tsaya gabanta da kyamara sai ka fito a ƙofa, ko a bamba, ko a marfin wili, kai ƙato ƙafafu 'yan firit. A wurin Auta babu abin kunyar da ya kai wannan. Cewa yake mai hoton da ya bari inuwarsa ta fito a jikin mota daidai yake da telan da ya manta allura a cikin riga. Shi ya sa ba ya sa komai sai baƙar riga, ba ya tsayawa daidai ƙofa sai ta kusurwa, yana durƙushe, kyamara a gwiwa, yana leƙa ɗan allonta daga sama. Duk da haka takan kuɓuce masa, kuma a nan ne aikina yake farawa.

Da yamma in na kusa tashi sai ya faɗo shagon, gwiwar wando duk baƙin mai, ya jawo kujera ya juya ta baya ya hau, ya miƙo min katin kyamara, ɗayan hannun kuma tuni yana cikin ledar biskit ɗina. Sai mu bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina zuƙowa. Kamun ɓarawo muke kiran abin. In na hango shi a jikin madubin gefe sai in ce, "Ga ka nan, munafuki." Shi kuma ya dafe kai ya ce, "Goge, Yaya, goge kafin wani ya gani." In goge, in bi shi kwandon sharar kwamfutar in sake gogewa, don ya ce abin da ya lalace ba a ajiye shi. Da tafiya ta yi tafiya idona ya fi nasa. Sai ya ajiye min katin ya tafi yawonsa, ni kaɗai in yi aikin. Na taɓa kama shi a cikin ƙwan fitila, bai kai ƙwayar shinkafa ba, na yi sati ina masa tsiya. Har alfahari nake yi wa mutane cewa ko ɗaya ba ya wuce ni.

Katin ƙarshe ma bai tsira ba. Ranar da zazzaɓin ya fara yana kwance a gida, na ɗauki katin daga kan teburinsa na tafi da shi shago. Na kama shi sau uku a jikin wata baƙar mota, ɗaya ma fuskar ta fito tar. Na goge, na kira shi a waya na ce ya fara tsufa. Ya yi dariya yana tari, ya ce Allah ya bar masa ni. Shekara bakwai ke nan ina zaune ina goge ƙanena, ina dariya.

Sati uku na yi ina bin hotunan nan. Mai son fotokofi ya zo in yi masa a tsaye in koma, wasu ma na kore su da cewa inji ya lalace. Na zuƙo kowace ƙofa, kowane bamba, kowane marfin wili, har idona ya riƙa ruwa. Abin da na samu bai wuce gwiwar hannu a jikin wata jar mota ba, sai kan takalmi a wani wili. Aikina ya yi kyau, Allah wadaran wannan kyau. Na kira mai gyaran kwamfuta ko zai iya dawo da abin da aka goge. Ya kwana biyu da ita ya dawo min da abata, ya ce an daɗe da ɗora wasu abubuwan a kai. Ya ƙara da cewa duk wanda ya yi gogewar nan ya san aikinsa. Saura ƙiris in jefe shi da abin huda takarda.

A gida kuwa ƙarya nake ta shirgawa. Yau in ce firinta ce ba tawada, gobe in ce wani abokinsa ya yi alkawarin turowa. Umma ba ta musa min, sai ta ce to. Amma ina ganin yadda abin yake tafiya. Ta fara zuba shayi a gefen kofi. In na shigo sai ta juyo da kai gaba ɗaya tana nemana, kamar mai haska tocila a ɗaki. Wata yamma ina ɗiga mata magani, kanta a kan cinyata, ta ce wani abu yana damunta. Ta ce in ta rufe ido tana son ta ga Auta sai ta ga sumar, ta ga ƙeyarsa yana fita ƙofa, ta ji muryar sarai, amma fuskar ta ƙi juyowa. Ta ce tsoro take kada duhun ya same ta a haka.

Nan na kasa. Na ajiye kwalbar na gaya mata komai, kamun ɓarawon, da kwandon sharar, da alfaharin. Na ce, "Umma, babu hoton. Akwai su da, sun fi ɗari, ni na goge su."

Maganin ya gangaro ta gefen idonta zuwa kunne. Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai ta laluba ta kama hannuna, ta ce ai shi ya ce in goge, kuma mu biyun dama ba mu taɓa yin abu irin na mutane ba. Ta tashi ta gyara ɗankwalinta, ta tambaye ni ko na rufe tagar kicin. Daga ranar ba ta ƙara tambayar hoton ba, kuma shirun nan ya fi min tambayar ciwo.

Bayan kamar kwana goma Baba mai fenti ya kira ni a waya. Ya ce maganar motar yaron nan ce, yana so in zo. Na tafi da niyyar in ce masa ya kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe tsiyarsu kowa ya huta. A hanya har na gama shirya yadda zan faɗa.

Ban taɓa shiga filin sosai ba sai ranar. Motoci a jere, wasu an kankare su sun yi fari-fari, wasu an rufe musu gilashi da tsofaffin jaridu, injin iska yana ta ƙugi a gefe, warin tinar tsinka fenti kuwa har maƙogwaro. Baba ya kai ni ƙarshen fili ya yaye wani tamfol. Ban gane ta ba. Akwalar ta samu tayoyi, ta samu gilashi, an buge duk inda ya lotsa an yi mata shafen farko mai ruwan toka. Ya ce shi da makanikan filin ne suke ɗan taɓawa in aiki ya yi sauƙi, ba wanda ya sa su, kasa ganinta a haka suka yi kawai. Yanzu fenti ya rage. Auta ya faɗa masa kalar da yake so, amma shi ba zai fesa ba sai wani na gida ya gani ya ce to.

Maganar da na shirya duk ta gudu. Na ce masa ya fesa abin da ya ga dama, ni ban san kala ba. Tsohon nan da kafiya, ya ce a'a, sai na gani da idona, in biyo shi.

Ɗakin da yake haɗa fenti ɗan tsukuku ne, gwangwanaye har rufi, kowanne da ɗigon kalarsa a marfi, teburin ya yi kauri da busasshen fenti na shekaru. Ya tura ƙofa ta rufu rabi, don abin da zai nuna min a bayanta yake. Hoto ne da ya kai faɗin takardar fotokofi, a cikin leda, an kafe shi da ƙusa huɗu, ledar duk feshin fenti. Wata doguwar mota ce shuɗiya mai duhu, irin shuɗin da in ba rana ta doke shi ba sai ka rantse baƙi ne. Ya ce wannan ita ce kalar. Ya ce a shekara talatin da ya yi yana fenti bai taɓa fitar da aiki kamar wannan ba, sau bakwai ya fesa ta, kwana uku yana gogewa da hannunsa, kuma duk wanda ya kawo mota yana raina aikinsa nan yake kawo shi. Muryarsa ta canja ta koma ta ciniki, irin maganar da baki ya riga ya saba da ita. Ya ɗora yatsa a kan ƙofar motar.

"Duba nan ki ga ƙyalli. Har mutum ake gani a ji..."

Bai ƙarasa ba. Yatsan ya tsaya a inda yake, ni ma na tsaya.

A jikin ƙofar, ƙasa da mariƙi, ga Auta a durƙushe da baƙar rigarsa, kyamara a gwiwa. Bai sunkuya kan allon ba yadda ya saba. Ya ɗago kai yana kallon wani a gefe, baki buɗe, yana dariya har ana ganin haƙoran ƙasa. Lanƙwasar ƙofar ta ɗan faɗaɗa masa goshi, sumar kuwa ta ƙara tashi. Duka-duka bai fi tsawon ɗan yatsana ba. Amma shi ne, da gemun, da ɗan karkata kan nan da yake yi in an ba shi dariya.

Baba ya zauna a kan wani gwangwani kamar an tura shi. Ya ce, "'Yata, ki yafe min. Shekara biyu ina nuna wa mutane hoton nan, kullum sai na ce har mutum ake gani. Wallahi fentin nake kallo." Ya share fuska da tsumman da yake goge hannu, ya bar shuɗi a kuncinsa.

Na tambaye shi yadda aka yi hoton ya wuce ni, don har a lokacin, Allah ya yafe min, abin da ya fara zuwa min ke nan. Ya ce ai bai taɓa zuwa shagona ba. Ranar da aka ɗauka shi ne yake tsaye a gefe yana tsokanar Auta, ya ce masa in ya ƙi aski zai yanke sumar ya yi buroshi da ita, dariya ta kama yaron hannunsa ya danna. Da Auta ya duba allon ya ce ya lalace zai goge, sai Baba ya riƙe masa hannu. Ya ce masa wannan ne kaɗai hoton da ya nuna aikinsa, sauran duk ya kashe musu ƙyalli da wannan raɓe-raɓen nasa, in kuwa ya goge to ya zo ya ɗauke akwalarsa daga filin yau ɗin nan. Suka yi ta ja, ƙarshe Auta ya je wani shago can nesa ya wanko masa, sannan ya goge na katin. Wai Auta ya ce in Yaya ta ga wannan, shekara za ta yi tana masa gori.

Da na yi kuwa, babu shakka. Na tsaya a ɗakin nan ina dariya hawaye yana zuba, tsohon ma haka, kowa yana kallon wani gefe. Can ya tashi ya ɗauko filaya, ya ciro ƙusoshin ɗaya-ɗaya a hankali don kada ledar ta yage. Da zan fita na ce masa ya fesa shuɗin.

Kai tsaye shago na wuce. Na zare hoton daga leda, na goge gilashin sikana, na'urar da take kwafar hoto zuwa kwamfuta, sau uku da gefen mayafina, na sa ta a iya ƙarfinta, ta yi ta jan jiki kamar ba za ta gama ba. Da ya fito a allo na zuƙo ƙofar yadda na yi sau dubbai. Fuskar ta taso ta cika allon. Kafin in ankara bakina ya ce ga ka nan, yatsana kuma ya tafi kan maɓallin gogewa da kansa, har ya taɓa shi. Na fizge hannun na zauna a kansa. Sannan na adana hoton a wuri huɗu daban-daban, na kuma tura wa kaina a waya.

Na yanke motar na bar shi shi kaɗai, na buga a takarda mafi girma da firintata take ɗauka. Ya yi dishi-dishi, gefen fuskar ya narke cikin shuɗi, ga wani layin haske ya ratsa kafaɗa inda ƙofar ta lanƙwasa. Da Auta ya ga wannan aiki da ya ce in rufe shago in nemi wata sana'ar. Na naɗe shi na fito, ko fanka ban tsaya kashewa ba.

Na samu Umma a falo kusa da taga, rana ta karkata tana shigowa daidai kujerarta. Ninke kayan wanki take yi, tana bin gefen kowane zani da yatsu. Na durƙusa gabanta na kawar da kayan, na warware takardar a kan cinyarta na ce ga shi. Ba ta tambaye ni mene ne ba. Ta goge hannuwanta a jikin zani, ta sunkuya, ta riƙa yawo da kai daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar mai neman abin da ya faɗi. Ta ce tana ganin shuɗi, ga kuma wani abu fari nan, ko haƙori ne. Sai na gane kuskurena. Garin son in kyauta na yi shi ƙato, na manta ta bututu take gani, fuskar ba za ta shige ɗan wurin da ya rage mata gaba ɗaya ba.

Na ce bari in koma in bugo ƙarami. Ta ce a'a, in tashi in riƙe shi a ƙirjina in ja da baya. Na tashi na riƙe, na ja taku biyu. Ta ce in ƙara. Na ƙara har na wuce tebur. Ta rufe idon hagun da tafin hannu, ko da yake ba abin da yake gani, ta ce in ɗan karkato wajen taga, in ɗaga sama kaɗan, in ƙara taku ɗaya. Sak yadda Auta yake juya mu in zai ɗauke mu, har muna ce masa ya cika iyayi. Bayana ya taɓa ƙofar falo.

"Tsaya nan," ta ce.

Na tsaya. Takardar ta kai min har haɓa, ina ta ƙoƙarin kada hoton ya motsa. Ban san minti nawa muka yi a haka ba. Wata mota ta wuce a titi, na ji kaina ina jira a faɗi irinta. Umma ta sauke hannunta daga ido a hankali ta ɗora a cinya. Leɓenta ya motsa sau biyu kafin maganar ta fito, kuma da ta fito, da muryarta ta kullum ta fito, wadda take bin sa da ita har bakin ƙofa.

"Kin gani ko. Bai yi askin ba."

Na ce, "Ya ce gobe, Umma."

Ta gyaɗa kai. Ta ce kada in sauke tukuna, in hannuna bai gaji ba. Na ce bai gaji ba.